Gayyar Lukuman

Lukuman taubashina ne, don haka ina da damar faɗin gaskiya a kansa ba tare da ya kai ni ƙara ba. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, a Tsafe aka haife mu, kuma tun muna yawo da gajeren wando na san taurin kansa zai ja masa. Ni na bi hanyar masu hankali na zama direba, ina jigila tsakanin Gusau da Tsafe. Shi kuwa ya ce fim zai yi.

Ya fara da ɗaukar bidiyon biki da suna a Sabon Garin Gusau, da wata kyamarar aro da ke zafi kamar dutsen guga. Sannu a hankali ya tara 'yan wasa ya zama darakta. Sauran daraktoci gidan wani Alhaji suke nema mai manyan kujeru, a zauna a falo a yi ta kuka. Lukuman tasha yake jan 'yan wasansa, ko kasuwar hatsi, ko bakin rafi. Yakan ce mutanenmu ba a falo suke rayuwa ba. Fina-finansa suka karɓu, har ya zama in ka je wurin masu tura fim a waya, sai ka ji mutum ya ce a sa masa na Lukuman, ko sunan fim ɗin bai tambaya ba. A lokacin ya auri Hanatu, 'yar Karakkai ta ƙasar Bungudu, mace mai haƙuri, don sai mai haƙuri.

Ana cikin haka zaɓe ya matso. Mutanen wani babban ɗan siyasa, wanda ba zan kama sunansa ba don ina son motata, suka ba shi aikin haɗa fim a kan ayyukan maigidansu. Cikin ayyukan har da famfon burtsatse a wani ƙauye. Ranar buɗewa aka yi taro, mai girma ya murɗa kan famfo, ruwa ya zubo, mata suka yi guɗa. Da wani ne, shi ke nan, aiki ya ƙare. Amma Lukuman ya ce hasken ranar bai yi masa ba, sai ya koma ya ƙara hoto da hantsi. Ni na kai shi bayan mako guda. Muka tarar da famfo a bushe ƙayau, mata na wuce shi da bokitai sun nufi rafi. Ashe tankar ruwa aka kawo aka cika tankin don ranar taro kawai.

Na ce masa, "Lukuman, rufe kyamarar nan mu tafi. Ba mu ga komai ba."

Ya ce, "Kai ne ba ka gani ba. Ita ta gani."

Ya haɗa hotunan biyu, na guɗa da na bokitai, ɗaya na bin ɗaya, ya kai gidan mai girma ya kunna a gaban baƙi. Wai a tunaninsa mutumin bai sani ba, in ya gani zai sa a gyara. Kun ji irin wautar masu ilimin fim.

Ba a kama shi ba, ba a rubuta masa ko takarda ba. Waya kawai aka riƙa bugawa. Masu zuba jari suka daina ɗaga kiransa. 'Yan wasan da ya koya wa tsayuwa a gaban kyamara suka riƙa sauya hanya in sun hango shi. Dillalan fim suka ce kasuwa ta mutu, alhali muna ganin suna karɓar na wasu. Ko bikin gidan masu hali aka kira shi ɗauka, kafin ranar sai a ce an fasa. Ban ga laifin kowa sosai ba, kowa da bakin da yake ciyarwa, amma abin ya ƙona mini rai. Damina biyu ya yi bai ce wa kowa "a fara" ba.

Da zama ya ishe shi, sai ya zama kwandastana. Ban taɓa yin kwandasta mai ban haushi irinsa ba. Maimakon ya cusa fasinja mu tashi, sai ka ji yana cewa, "Hajiya, ɗan matsa hagu, kin tare Baba." Amma ko sau ɗaya ban ji ya ce ya yi nadama ba. Abin da ke cinsa guda ne: kada a wayi gari an manta akwai wani darakta mai suna Lukuman. Yana da labari a ka, na wani manomi Mannir da ciwo ya kwantar da shi tsakiyar damina, gari ya taru ya nome masa gona. Labarin na buƙatar jama'a da yawa, shi kuwa ko ɗan wasa ɗaya ba shi da shi.

Wata Juma'a muka kai Hanatu ganin gida. Surukinsa Malam Aminu, dattijon manomi da bai taɓa kallon fim ya kai ƙarshe ba, ya saurari kukansa yana ɓare gyaɗa. Da ya gama sai tsohon ya ce, "To mi ah abin wahala nan? Mu nan in aiki ya hi ƙarhin mutum, gayya yaka kira. Kai ma kira gayya mana."

Haka aka yi. Lukuman ya sayi goro, aka bi gida gida aka raba kamar yadda ake wa gayyar noma, aka sa rana. Hanatu da matan gidansu suka dama fura, suka ɗora tukwanen tuwo. Wani kawunta mai yawan tari aka ba shi Mannir, tunda kwanciya ce aikinsa. Ranar da aka sa, tun da sanyin safiya, maza suka fito da fartanyoyi a kafaɗa, Shehu makaɗin noma na gaba da gangarsa. Ni aka ba ni riƙon sandar makirfo.

Nan fa darakta ya gamu da gamonsa. Ya jera su a bakin gonar Malam Aminu, ya ce a fara. Shehu ya saki kiɗa, mazaje suka duƙa. Da suka kai tsakiya Lukuman ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Ko waiwaye babu wanda ya yi. Ya bi su da gudu yana ihu, su kuwa sai da kowa ya kai kunyarsa ƙarshen gona suka miƙe. Wani ya share gumi ya ce masa, "Malam, ba a tsayawa tsakiyar kuyya ana kiɗa. Abin kunya na."

Lukuman ya haɗiye fushi ya ce to a koma farko a sake, rana ta shiga kyamara.

Suka dubi juna. Malam Aminu ya ce, "A sake mi? Hakin ya mutu. Ko so kaka mu sassabe dawa?"

Ya yi ta bayani cewa yi za su yi kamar suna noma, ba sai sun noma ba. Suka ce su ba su iya noman ƙarya ba, in yana son wani, ga gonar maƙwabci can ciyawa ta ci ƙarfinta. Dole muka kwashi kaya muka bi su. Duk lokacin da darakta ya ce a sake, sai a shiga sabuwar gona. Kafin a gama fim ɗin nan, gonakin gwauraye da na tsofaffin unguwar duk an nome su tas. Har addu'a tsofaffi suka riƙa yi Allah ya sa kada hoton ya yi kyau da wuri.

Babbar rigimar kuwa da Shehu aka yi ta. A al'ada makaɗin noma mai gayya yake wasawa. To tun daga gonar farko Shehu ya buɗe murya: Lukuman mijin Hanatu, ɗan Tsafe mai gayya, a gaishe ka da aiki. Mazaje na amsawa, fartanyoyi na sauka tare. Lukuman ya je ya roƙe shi, ya ce a fim gonar ta Mannir ce, Mannir zai riƙa kira.

Shehu ya ɗora hannu kan ganga ya ce, "Wa yak kira mu?"

"Ni."

"Wa yab ba da goro?"

"Ni ne, amma a labarin..."

"To Mannir ɗin ga ban san shi ba, ban ci goronai ba. Gangata ba ta kiran wanda bai kira ta ba."

Aka yi juyin duniya ya ƙi. Lukuman ya haƙura, yana ta gunaguni a mota wai an ɓata masa sauti, kuma ba yadda zai raba waƙar da ƙarar fartanya.

Da ya gama haɗa fim ɗin, mutum ɗaya ne ya yarda ya saurare shi, Alhaji Abubakar Sadiƙ, dillalin da ke raba wa masu tura fim kaya daga Gusau har ƙauyuka. Ya ɗan leƙa farkon a waya, a tsakiyar hayaniyar shagonsa, ya ce zai karɓa bisa sharaɗi guda: a goge sunan Lukuman daga farko da ƙarshe. Ya ce shi ma yana da iyali.

Ranar ko tsokanar taubashina na kasa yi. Ya ce mini sunan nan shi kaɗai ya rage masa. Hanatu ce ta ce ya ba su. Ta ce mutanen garinsu sun zubar da gumi, ba za a bar guminsu a aljihu ba saboda rubutun da rabinsu ma ba su iya karantawa. Ya goge da hannunsa, ya kai.

Fim ya fita ba sunan kowa. Kuma ya tafi, don mutane sun ga noma na gaske, gumi na gaske, sun ga irin kawunansu da baffanninsu. Wurin gayyar nan aka fi so, shi ake yankowa ana tura wa juna. Kafin kaka, masu shayi na kunna shi, 'yan acaɓa na rera amshin. Alhaji ya farga, ya kira a gigice wai a cire waƙar. Masu turi suka ce in an cire ta me ya rage, kuma ai ta riga ta shiga wayoyin duniya.

Wata ranar kasuwar Tsafe mun ɗauko fasinja daga Gusau, Lukuman na maƙale a bakin ƙofa, sai wani ya kunna wurin a wayarsa. Muryar Shehu ta cika motar, har wasu na amsawa. Wata tsohuwa 'yar Magami da ke zaune a bayana, da ƙwaryarta a cinya, ta ce, "Ni kam wanga Lukuman mijin Hanatu da anka dame mu da shi, wane na? Sarkin noma na?"

Na dube shi ta madubi. Ya gyara tsayuwa, ya ce, "Ni ne, Inna. Ni na yi fim ɗin."

Ta ƙare masa kallo tun daga hula har silifa. Ta ce, "To mi kaka yi nan kana rataye ga ƙohwa? Sauka ka sayi goro. Mu ma garinmu akwai gonaki."

Har yau manyan ba su kira shi ba, shi ma bai neme su ba. Bana a Magami yake ɗauka, da sunansa a rubuce a farkon fim, Shehu na gaba da ganga. Ni kuma ina neman kwandasta, wanda bai san komai game da haske ba.