Danna-Shiru na Ɗakin Gilashi

Mijin yayata ne, don haka na san shi ciki da bai. Shekara goma sha ɗaya yana juya tukunya a kamfanin sabulun da muke aiki, bai taɓa fitar da haɗi mai kyau ba sai da wani a bayansa. Abin da ya iya shi ne gaida manaja. Tun daga ƙofa yake fara rusunawa, kamar wanda allurarsa ta faɗi.

Da aka kawo sababbin injuna, kwamfuta ce ta koma auna zafi, ta zuba soda, ta buɗe famfo ta rufe. Aka ce mutum ɗaya ake so ya zauna a ɗakin gilashi a sama, ya sa ido a kan allo. Mu da muke gane sabulu zai ƙone tun daga warinsa, aka bar mu ƙasa muna jera kwali. Shi aka ɗauka.

Sati bai zagayo ba ya sayo tabarau, alhali idonsa garau. A gida ya hana yayata ce masa Baban yara, sai dai Injiniya.

"Ƙanina," ya ce mini ran nan, "wannan aikin sai mai kai."

Na ce, "Ai kuwa, yaya. Ga shi nan ƙato."

Duk abin da ya kwaso a horon kwana uku da aka ba shi bai wuce maɓalli ɗaya ba, mai kashe ƙararrawa. Inji ya yi kuka, ya danna, ya koma kan wayarsa. Daga nan muka laƙaba masa Danna-Shiru.

Wata Talata da hantsi na'urar auna zafi ta lalace. Sau tara ƙararrawa tana ihu yana dannawa. Da ya gaji, sai ya manna takarda a kan jar fitilar gargaɗi da ke jikin allon. Tukunya ta tafasa ta yi ambaliya, kumfa har gwiwa. Inna, wata dattijuwa mai liƙe kwali, ita ta kutsa ta murɗe famfon da hannu, ta ƙone a damtse.

Manaja ya hau sama a fusace. Ta gilashi muka hango Danna-Shiru yana nuna allo yana girgiza kai, wai kwamfutar ce ba ta jin magana. Manaja bai fi shi sanin ta ba, sai ya yarda. Aka tura Danna-Shiru ƙarin horo na wata guda. Inna kuwa takardar gargaɗi aka ba ta, don ta taɓa inji ba izini.

Ya dawo da satifiket a firam. Ƙusar ma bai iya bugawa ba, yayata ce ta rataye masa a falo.