Tambayar da Ba a Ɗaga wa Murya

Har gobe ban manta ranar da aka kawo mana Rakiya ba, kuma duk sabuwar nas da aka ba ni in koya wa aiki sai ta ji labarin nan, ko tana so ko ba ta so. A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina ƙaramar nas a sashen kunne na wani asibiti a arewacin Kaduna. Likitocinmu suna gwajin wani magani na sha don masu daɗaɗɗen ciwon kunne, irin mai zubar da ruwa har ji ya ragu. Labari ya bazu, mutanen Kawo da Kurmin Mashi da Badarawa suka cika mana baranda.

Ba kowa ake ɗauka ba, sai an tantance. Da farko akawu ya yi wa mutum tambayoyi, sannan likita ya leƙa kunne ya auna ji, sai a turo shi wurina. Ni ce ƙofar ƙarshe, in ban sa hannu ba, ba a ba da ko ƙwaya ɗaya. Ba a ɗaukar yara, ba a ɗaukar mai ciwon ƙoda, kuma sam ba a ɗaukar mai juna biyu, domin ba wanda ya san abin da maganin zai yi wa ɗan da ke ciki. Ku yaran yanzu kun saba da gwajin fitsari na nan take. Mu a lokacin sai an kai ɗakin awo an jira kwanaki, kuma ba a kaiwa sai mace ta ce tana shakka. Abin da ta faɗa da bakinta shi muke kamawa.

Akawunmu Malam Garba ne, kuma saboda muryarsa aka ɗora shi a kujerar. Mutum ne da in ya ce "mai bi" sai an ji a bakin titi. To, masu larurar kunne ne a gabansa, dole ya ɗaga.

Rakiya matar wani tela ce a Badarawa, shekararta ɗaya da aure, ba ta taɓa haihuwa ba. Uwar mijinta ce ta rako ta, Iya Hauwa, tsohuwa mai kaifin baki amma tana ji da yarinyar. Ina daga teburina na ji Malam Garba ya kwatsa tambaya: "Kina da ciki?" Wasu dattawa suka kau da kai. Rakiya ta sunkuyar da fuska ta girgiza kai, Iya Hauwa kuma ta ce, "Ba ta da komai, ai da na sani." Malam Garba ya rubuta ya wuce. Likita ya duba, kunnenta ya dace da gwajin ƙwarai, ya turo ta wurina.

Raina ya ɓaci, ba da Malam Garba ba, shi aikinsa ya yi. Amma ku gaya mini, wace 'yar mutunci ce za a tambaye ta batun cikin fari a gaban uwar mijinta da maza cike da baranda, ta ce e? Ni kaina da za a yanka ni a lokacin ba zan amsa ba. Wannan girgiza kan ba amsa ba ce.

Na ajiye alƙalami na shiga wurin likita. Bature ne mai saurin magana, ga layi ya yi tsawo. Ya ce, "Ta ce babu. Kina da wata shaida?" Na ce ba ni da ita, amma ba zan sa hannu ba sai na tambaye ta ita kaɗai. Na ƙara da cewa matsalata ɗaya, bangon ɗakunanmu katako ne, kuma yarinyar ba ta jin raɗa. Ko ina na kai ta sai na yi ihu, in na yi ihu kuwa an koma gidan jiya.

Sai ya cire abin nan da likitoci suke ratayawa a wuya don sauraren ƙirji, ya miƙo mini. Ya ce in juya shi, in sa mata bakunan biyu a kunne, ni kuma in yi magana a hankali a ɗaya gefen. Ya ce in gama kafin layi ya ƙare.

Saura Iya Hauwa. Na ce ta ɗan ba mu wuri, ta ce ɗanta amana ya ba ta, ba inda za ta. Na ce, "Iya, azahar ta yi fa, ga buta can, ga tabarmata." Ta harare ni, amma ta tashi.

Na ja Rakiya ɗakin allura na rufe ƙofa. Na goge abin, na sa mata, na kawo ɗaya gefen bakina na ce a hankali, "Rakiya, kina ji na?" Ta zabura. Idonta ya kawo ruwa. Daga baya ta gaya mini ta manta rabon da wani ya yi mata magana ba da tsawa ba.

Ban ambaci ciki ba. Cewa na yi, "Yaushe rabonki da fashin salla?" Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Tun kafin azumi." Lokacin ana ta shirin babbar salla.

Na ce mata maganin nan ba zai yiwu ba. Ta kama hannuna da hannu biyu. "Sista, don Allah ki rufa mini asiri ki ba ni. Saboda shi nake so. In ya yi kuka da dare ban ji ba fa?"

Wallahi tausayinta ya kama ni. Amma na ce, "Saboda shi zan hana ki. Kunnenki za mu yi ta wankewa duk mako a ɗakin duba marasa lafiya, abin da ba zai taɓa shi ba. In kin sauka lafiya sai mu ga abin da ya dace." Ta yi kukanta ta ƙoshi, na bar ta. Sannan ta roƙe ni kada in gaya wa Iya, na yi mata alkawari.

Alkawarin nan ya jawo mini zagi. Da na ce wa Iya Hauwa maganin ba na Rakiya ba ne a yanzu, sai ta tara mini jama'a. Ta ce likita da kansa ya yarda, ni wace ce, ta ce 'yan uwana nake ɓoye wa. Kalma ɗaya za ta wanke ni, na haɗiye ta. Na tsaya ina cewa, "Yi haƙuri, Iya," har ta ja yarinyar suka tafi. Metiron, shugabarmu ta nas-nas, ta kira ni ofis da yamma, na yi mata bayani, daga ranar aka daina yi wa mata wannan tambaya a baranda. Ɗakin allura ake kai su.

Rakiya ta riƙa zuwa wankin kunne. Ruwan ya tsaya, amma jin bai dawo sosai ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Kafin ta haihu an rufe ɗaukar mutane a gwajin, ba ta taɓa shiga ba.

Bayan ta yi arba'in suka zo ita da Iya Hauwa, da jaririya goye a baya. Iya ba ta ba ni haƙuri ba, goro ta dangwara mini a tebur ta ce, "Ashe ke kin sani, kika bar ni ina ta haushi." Muna cikin haka jaririyar ta motsa, ko buɗe baki ba ta yi ba, Rakiya ta kai hannu baya tana jijjiga ta. Na ɗaga murya na tambaye ta yaya take yi da dare. Ta ce a ƙirjinta take kwantar da ita, tana motsi take farkawa.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. A aikin tantancewa, wanda kika hana ma majinyacinki ne, wani lokaci har da wanda bai iso duniya ba. Kuma kafin ki rubuta amsar mace, duba ki ga wa ke tsaye kusa da ita lokacin da ta ba ki.