Mai Guga da Ranar Aro

Duk wanda ya taɓa sauka a otal ɗin nan na bakin babban titi ya sa rigar da ta bi ta hannun Mai Guga, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ɗakin aikinsa yana can ƙasa bayan kicin, inda injinan wanki ke gurnani, tururi yana ɗigowa daga silin. Nan ya shiga da baƙin gashi, nan furfura ta same shi. Karin wandon da ya fitar, wallahi har tsoro kake ji kada ya yanke ka. Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne: bawan Allahn nan ba ya ƙarya, ko ta wasa. In ka tambaye shi ko ɗinkinka ya yi kyau, to ka shirya jin abin da ba ka so.

Tsayuwa ce ta cinye masa gwiwoyi. Likita ya duba hoton ƙashi, ya faɗa masa ba kwana-kwana: ko ya bar aikin tsaye, ko ƙafafun su bar shi. Ana cikin wannan sai aka ce ana neman wanda zai zauna a teburin karɓar kayan wankin baƙi a sama, aiki na kujera. Sai dai baƙin daga ƙasashe iri-iri suke, dole a ci jarrabawar magana da Turanci. In ya faɗi kuwa sallama ce, don otal ba ya ajiye mai gugar da ba ya iya tsayuwa.

Turancinsa na ɗakin wanki ne, daga riga sai wando sai sitati. Autarsa, wadda take koyarwa a firamare, ta bincika ta gano tambayar da ba ta fashi: faɗa mana yadda kake tafiyar da ranarka.

"Wannan ai ba wuya," in ji Mai Guga. "Na tashi, na yi guga, na dawo, na kwanta."

"Haba Baba! Numfashi ɗaya ka gama, a kan me za su ba ka maki?"

Sai Auta ta tsara masa rana mai kyau, ta ɗauki muryarta a wayarsa don ya riƙa bi. Ya haddace tsaf, sannan ya ce a fassara masa. Ashe mutumin cikin wayar yana tattaki da safe, yana ba furanninsa ruwa, yana karanta jarida da yamma, yana kuma taya matarsa wanke kwanuka.

"Wannan ranar waye?"

"Taka ce mana, Baba."

"Tawa? Yaushe na taɓa wanke kwano a gidan nan? Furen ma ina yake?"

"Baba, ba mai biyo ka gida ya duba. Turancin kawai ake saurara."

"In zauna gaban mutane da furfurata in shara musu ƙarya? Ba da ni ba!"

Wani zai ce ai sai a sake tsara maganar. Ina! Haddar nan da jiɓin goshi ta shiga, ba zai zubar da ita ba. Mai Guga ya ce tunda maganar ba ta canzuwa, ranar ce za ta canza.

Washegari ya dawo da gwangwanin fenti da reshen fure da ya roƙo wurin mai lambun otal. Ya fara zagaya layi da sassafe yana jan ƙafa, har mai shagon kan kwana ya leƙo ya ce, "Baba lafiya? Wani abu ne ya ɓace mu taya ka nema?" Jaridun da baƙi suka bari yake kwasowa, ya baje a cinya, kafin ya ƙare layin farko barci ya yi awon gaba da shi. Duk da haka ya buɗe ta, ba wanda zai ce bai karanta ba.

Rigimar tana wurin kwanuka. Ranar da ya naɗe hannun riga ya shiga kicin, Uwargida ta riƙe haɓa.

"Malam, in laifi na yi maka ka faɗa mini, ba sai ka tona mini asiri ba."

"Jarrabawa ce. Miƙo soso."

Kofi biyu suka riga mu gidan gaskiya a makon farko. Uwargida ta ga in ta bar shi shi kaɗai za a koma shan shayi a tafin hannu, sai ta tsaya gefensa, yana cuɗawa tana ɗaurayewa. Yana karanto haddarsa, ita kuma tana sako nata labaran tsakani. Kafin a ce me, ta fi shi riƙe Turancin, in ya tsallake sai ta zungure shi da gwiwar hannu.

Ranar jarrabawa aka kai shi ƙaramin ɗakin taro na sama, mai sanyi kamar firji. Wata malama mai tabarau ce ke tambaya, manaja yana gefe. Tambayar ta zo yadda Auta ta ce, Mai Guga ya kwararo ranarsa ba gargada, zuciyarsa fes, don ba kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Har ya fara gyara zama zai tashi.

Sai malamar ta ce, a duk wannan, wane lokaci ya fi so, kuma don me?

Tirƙashi! Wannan ba ta cikin waya. Turanci ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Zufa ta keto masa a cikin sanyin nan, ya ga aikin kujerar yana suɓuce masa, tsoro ya kama shi sosai. Abin da ya rage masa kawai shi ne gaskiya, sai ya ce wanke kwanuka.

Da guntu-guntun kalmomi, hannu yana taya baki, ya bayyana musu. Shekara da shekaru yana fita matarsa tana kicin, yana dawowa a gajiye, maganarsu ba ta wuce me ya ƙare, wa ba shi da lafiya. Sai a gaban famfon nan ya gano matarsa tana kwaikwayon muryar kowa a layinsu, har da tasa. Ya ce sai da ya tsufa ya san mai ban dariya ya aura, kuma yana jin haushin shekarun da suka wuce bai sani ba. Malamar ta cire tabarau tana dariya, ta yi ta jefo tambayoyi, shi kuma ya manta jarrabawa ake yi. Kafin ya kai ƙofa manaja ya ce ya wuce a gwada masa rigar teburin sama.

A gida Auta ta yi tsalle, ta matsa sai ya faɗi abin da aka tambaye shi da abin da ya amsa. Mutumin da ba ya ƙarya, ya zai yi? Ya faɗa duka, Uwargida tana tsaye a kicin. Ta juya musu baya, ta buɗe famfo da ƙarfi.

"Kai Malam," ta ce, "yanzu maganar gidanmu ka kai wa baƙi?"

Ta share ido da bayan hannu, ta jawo ƙaramar kujera da ƙafa ta ajiye gaban kwanukan.

"Zauna ka yi. Ai likita ya hana ka tsayuwa."