Bayan Baba a ƙofar masaƙa

Jiya na raka ƙawata shagon Chinedu, wani mai zanen hotuna a unguwar Trikania, kallon sababbin zanensa na fentin mai. Muna cikin zagayawa sai na tsaya a gaban wani zane.

Wani dattijo aka zana ta baya, riƙe da keke, yana fuskantar ƙofar masaƙar Kakuri da aka rufe tuntuni. Ba fuska. Amma hular ta karkata hagu, ƙafar wando ɗaya a naɗe saboda sarƙar keke. Babanmu ne, Allah Ya jiƙansa. A masaƙar nan ya ƙare ƙuruciyarsa.

Na ce, "Oga, ina ka san mutumin nan?"

Ya ce, "Hajiya, ko sunansa ban sani ba. Garejin babana na kallon ƙofar. Kullum da safe, daidai lokacin da ma'aikata ke shiga a da, sai dattijon nan ya zo ya tsaya a bakinta, sannan ya juya. Na roƙe shi in zana shi, ya ce ban da fuska, amma in bayansa nake so, ga shi nan."

Wallahi mu a gida mun ɗauka majalisar abokai yake zuwa. Har tsokanarsa muke yi, wai hira ta fi masa karin kumallo. Murmushi kawai yake yi.

Baƙo ya san inda zuciyar Baba take, mu da muke dama masa koko ba mu sani ba.

Ku da iyayenku ke raye, kun san inda suke zuwa da safe?