Gaiwar da Na Tasa Daga Barci

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciya, wasu ma sai ƙannena sun tuna mini, amma bazarar da na tashi gaiwar kakana daga barci tana nan daram a raina, kuma ba na jin za ta fita sai ranar da aka rufe ni. Shekarata goma ko sha ɗaya a lokacin, muna ƙauyenmu kusa da Gangara, a shekara ta biyu ta fari.

Ni dai Allah Ya yi ni da shegen son sani. Na taɓa fasa ƙwan zabuwar Inna don in ga ko ɗan da ke ciki yana da zane tun daga can, na sha duka, ban daina ba. Mutum ɗaya ne a gidanmu ba ya gajiya da tambayata, wato kakana na wajen uba, wanda kowa ke kira Tsoho. Shi kuma Uwargida yake ce mini, irin wasan nan na kaka da jika.

Tsoho yana da wani abu da yake so kamar ransa: haƙar gaiwa. Duk bazara, in an gama sharar gona ana jiran ruwa, sai ya kwashe mu gida guda zuwa tafkin da ke bayan gari, wanda a lokacin ya bushe ƙasarsa ta tsattsage. Inna ta dama fura a babbar ƙwarya, Baffa, ƙanen Baba, ya saɓa dagi, mu yara muna tafe muna tsintar aduwa da goruba. A ƙarƙashin gawo ake sauke kaya, don shi kaɗai ke da inuwa a wannan lokaci. Wallahi ko ranar salla ba ta kai mini wannan rana daɗi ba.

Ga wanda bai sani ba, gaiwa kifi ce doguwa, mai santsi. In ruwa ya fara janyewa sai ta nutse cikin laka ta naɗe, lakar ta bushe a kanta, ta bar ɗan rami kamar na yatsa da take shan iska, ta yi ta barci har damina. Tsoho yakan bi ƙasar a hankali yana duba ramukan. In ya ga ɗaya sai ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa da sanda, ya kara kunne. In tana ciki, za ka ji ta yi ɗan gurnani kamar tsohuwa na gyaran murya. Shekarun da ake lafiya, da kwando muke komawa gida.

Waccan shekara kuwa, tun hantsi muke yawo har la'asar sakaliya. Rami bayan rami, shiru. Wanda aka tona sai a tarar da ƙashi. Furar ma rabinta dusa ce. Muna shirin tafiya ne Tsoho ya ɗaga hannu, ya ce kowa ya yi tsit. Ya ji gurnani. Baffa har ya fara lashe baki, don mun yi watanni ba mu ga nama a miya ba. Amma maimakon a fasa ƙasar yadda aka saba, sai Tsoho ya karɓi dagin ya haƙa daga nesa, ya zagaye, ya ciro hogen ƙasar ɗungurungum da gaiwar a ciki, ya naɗe da tsohon buhu.

"Wagga ba ta ci ba ta," in ji shi. "In ruwa ya dawo, za ni maida ta. Wa ya sani ko da wani ɗan'uwanta ƙasa da ba mu ji ba? Kar shi tashi shi iske ba kowa."

Baffa ya yi ta ƙunƙuni har gida. Tsoho ya ajiye hogen a kusurwar ɗakinsa, ya ce kada wanda ya taɓa.

To, ni fa nan masifata ta fara. Kifi ba ruwa shekara biyu? Me take ci? Idonta a rufe yake ko a buɗe? Ko dai ta mutu tuni, Tsoho ne kunnensa ke masa gizo? In na shiga share masa ɗaki sai in kara kunne a hogen, ban ji komai ba. Abin ya hana ni sakat. Kuma abin haushi, ban tambaye shi ba, ni da nake tambayarsa komai. Na san in na tambaya zai gane abin da ke raina ya hana.

Ranar kasuwar garin Isa, Tsoho da Baba da Baffa suka tafi da akuya, Inna ta shiga maƙwabta barka. Na jawo hogen na sa a kwatarniyar wanki. A raina ƙwarya ɗaya kawai zan zuba, in ga motsi, in mayar. Sai ku tuna yadda ruwa yake a lokacin: rijiyar gari ta koma laka, sai a tsakiyar gulbi ake tona yashi a jira ya tsattsafo, kuma tafiyar ba kusa ba ce. Na zuba ƙwarya ɗaya, ƙasar ta shanye kamar ban zuba ba. Na ƙara. Na sake ƙarawa. Ban ankara ba randar Inna ta koma rabi.

Na tsuguna ina kallo tun hantsi har rana ta take. Ƙasar ta riƙa narkewa, kumfa na tasowa ɗaya-ɗaya. Can sai ga wata jaka mai kama da busasshen ganye, ta yi laushi, ta yage. A ciki ga ta a naɗe, ta rufe fuskarta da wutsiya. Wutsiyar ta zame a hankali. Ta miƙe, siririya, duk ta rame, ta ɗago baki saman ruwa ta ja iska, har na ji ƙarar. Na daka tsalle na yi ihu, "Tana da rai! Tana da rai!" Ihun nan ne ya jawo Inna.

Inna ta dubi randa, ta dube ni, ta ɗauki muciya. Allah Ya taimake ni, daidai nan jakin su Tsoho ya shigo. Baffa ya leƙa kwatarniya ya ce, "To, madalla. Tun da ta tashi da kanta, a aza tukunya."

Tsoho ya tsuguna ya daɗe yana kallon gaiwar. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Uwargida, ƙaƙa ta tashi? Mi kinka gani?" Na ɗauka gatse ne. Ashe da gaske yake. Duk shekarun da ya yi yana haƙa, bai taɓa ganin farkawarta ba. Na ba shi labari tiryan-tiryan, har na manta ina cikin laifi, yana ta gyaɗa kai yana cewa ikon Allah.

Da na gama sai fuskarsa ta canza. Na ce a mayar da ita cikin laka mana ta koma barci. Ya girgiza kai. "Kitsen da ta kwanta da shi ya ƙare. In ta koma, ba ta sake tashi. Yanzu ruwa taka so kullum har damina, kuma gidanga ba mu da na ba kihi. Ko a samu mai ɗebo mata, ko Baffanki shi samu miya."

"Ni za ni ɗebo mata," na ce.

Da na san abin da na ɗauka! Bayan tulun gida da nake ɗaukowa tare da Inna da safe, sai in sake komawa gulbi don na gaiwa, rana na dukan ƙeyata. Ga neman fara da gara da za ta ci. Wuyana ya sage, ƙafata ta yi faso. Na tsani kifin nan, na zage ta ba adadi, ita ma ta rama, ta cije ni a yatsa, ga tabon nan har yau. Sama kuwa fes, ko gajimare babu. An fita roƙon ruwa sau biyu, shiru.

Wata rana ina dab da gida na yi tuntuɓe. Tulu ya fashe, ƙafata ta gurɗe ta kumbura. Aka kwantar da ni a ɗakin Inna. Ba ciwon ke sa ni kuka ba; na san ruwan kwatarniya ba zai wuce kwana biyu ba a zafin nan, kuma ni na jawo mata. Da na bar ta, da tana can tana barcinta lafiya.

Da azahar ina kwance ina kallon tsakar gida ta ƙofa, sai na ga Tsoho ya zo da butarsa. Bai je inda ya saba alwala ba. Ya tsuguna a bakin kwatarniya, ya wanke hannu da fuska a kanta, ruwan na zuba ciki. Baba ya gani, ya yi haka. Inna ma, da ta so fasa mini kai da muciya, ta yi haka. Da la'asar sai ga Baffa, ya duba hagu ya duba dama, ya tsuguna. Muka haɗa ido.

"Ke, kau da kai!" ya ce. "Ƙasa ce ban son jiƙawa banza."

Na yi dariya har ƙafar ta motsa na koma kuka. Da ruwan alwalar gidanmu gaiwar nan ta rayu har na warke, kuma ko da na koma gulbi ba su daina ba.

Ruwa ya makara ƙwarai, amma ya zo. A sauka ta uku tafki ya tara abin da ya kai gwiwa. Muka fita gida guda kamar ranar haƙa, ni ke ɗauke da ita a masaki. Na shiga ruwan na karkata shi. Ta sulale ta nutse, ko waiwaye babu. Na tsaya da masaki a hannu, haushi ya kama ni, na ce, "Ko sallama!" Tsoho ya yi dariya har da tari.

Bazara biyu bayan nan muka koma, Tsoho a kan jaki don gwiwa ta hana shi durƙuso. Ni ya miƙa wa sandar. Na ƙwanƙwasa, na kara kunne, na ji gurnani. Na matsa gaba, na sake ji. Ashe da gaske akwai wani a ƙasa yana jiranta, ga shi sun hayayyafa.

Har yau ban daina son sani ba, jikokina ma sun gaji da ni. Amma tun daga bazarar nan na koyi cewa ganin abu da ido yana da nauyin da wani zai ɗauka, kuma ba kullum mai laifin kaɗai ke ɗauka ba. Duk abin da na tarar a kwance lafiya, kafin in taɓa shi sai na tambayi kaina: in ya tashi, wa zai ɗebo masa ruwa?