Tumfafiyar Ƙofar Gidana

"Bawan Allah, bokan yana ciki?" Tambayar da wata tsohuwa ta yi min ke nan yau da safe a ƙofar gidana a Sheshe, riƙe da baƙar kaza.

Ni fa gadina ne a gidan wani Bature. Kullum ina ban ruwan furannin da ko miya ba a yi da su, har abin ya shiga raina, na ce nima sai na ƙawata ƙofar gidana. Amma ba zan wuni jan guga a gidan Bature in dawo in ja a nawa ba.

Na dasa furen Bature, awaki suka cinye. Na shuka zogale, matan unguwa suka yi kwaɗo. Sai maƙwabcina Malam Bukar ya ce in nemo tumfafiya, ba ta son ruwa, ba mai taɓa ta. Na tono bakwai a bayan Ƙofar Dawanau na jera.

Na ce wa tsohuwar, "Iya, ba boka a nan. Ado na yi."

Ta dubi tumfafiyar, ta dube ni. "Ɗan nan, wa yake ado da mazaunin aljanu? In baƙa ce ba sa so, in kawo fara."

Ita ce ta huɗu a makon nan, liman ma ya aiko yana nemana. Na huta da ban ruwa, yawuna ya ƙare a rantsuwa.

Jama'a, in tuge, ko in karɓi kazar?