Mato Magini da Tulun Ƙofar Inna Mairama

Kullum da hantsi za ka ga Mato Gado da bokitin siminti da cokalin gini, yana leƙa ƙofofin mutane kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Shekara arba'in yana gini, bana ya ce gwiwa ta ƙi, zai ajiye. Mutum ne mai tambayar tsiya. In ya tsare ka, sai ka faɗi kalar ƙyauren kakanka.

Tambayar nan kuwa ta yi mana rana. Da ruwan dam ya ci ƙauyenmu, aka mayar da mu sabon gari wajen Damazin, nan ƙasar Sudan. Ga famfo, ga lantarki, ga gidaje iri ɗaya sak, kowanne da lambarsa. Muhandis Muhannad, wato injiniyan da ya zana garin, ya yi ƙoƙari. Amma Inna Mairama, tsohuwar ungozomarmu, idonta ya yi rauni, lamba kuma ba ta san ta ba. Sau uku tana faɗawa gidan mutane. Kunya ta sa ta daina fita, ko barka ko ta'aziyya, kuma abin ya dame mu ƙwarai.

Mato ya je ya durƙusa. "Inna, can da mi kike gane gidanki?"

"Da hannu, ɗan nan. Marigayi maigidana ya fito da siffar tulu jikin ƙofa, don baƙo ya san akwai ruwan sha."

Kwana biyu ya yi yana gina mata tulun. Daga nan ya bi gida-gida da tambayarsa, masunta ya yi musu kifi, gidan malam allo.

Muhannad ya zo ya tsaya yana kallo. "Ya usta, babban magini, lambar ba ta isa ba?"

"Ta ishi takardarku, muhandis. Ita Inna gidanta take nema."

Sai ga muhandis ya zaro littafi yana tambayar ma'anar kowace alama.

Mato, kai ne ka mai da mana wurin nan gari. Mun gode, Allah ya huta gajiya. Ku kuma masu zana sababbin birane, ku koyi tambayarsa kafin ku aza tubali.

Ranar da Inna ta fara fita, ta dawo ita kaɗai tana lalubar bango. Ta shafa tulun, ta daɗe tsaye.

"Wuyansa ya fi na da tsawo," ta ce, ta shige gidanta.